Safar hannu ta wasan besbol

Safar hannu ta besbol babbar safa ce ta fata da 'yan wasan da ke tsaron fili suke sawa don cafe ƙwallo. Besbol wasa ne da ake jefa ƙwallo, ɗan wasan ɗaya ɓangaren ya buge ta da sanda. Ana sa ta a hannun da ba a jifa da shi, wato bahago a hannun dama yake sa tasa.

Da hannu tsirara aka fara wasan a Amurka, kuma duk wanda ya rufe hannunsa kallon rago ake yi masa. Doug Allison na ƙungiyar Cincinnati ya sa safa a 1870 saboda rauni. Charlie Waitt kuwa a 1875 ya zaɓi mai launin fatar jikinsa don kada 'yan kallo su lura, amma duk da haka sai da aka yi masa ba'a. Abin ya karɓu ne bayan fitaccen ɗan wasa Albert Spalding ya sa baƙa a 1877, ga shi kuma yana da kamfanin sayar da kayan wasa.

Babban sauyi ya zo a 1920, lokacin da Bill Doak na ƙungiyar St. Louis Cardinals ya ba kamfanin Rawlings shawarar saƙa raga tsakanin babban yatsa da manuniya. Daga nan safa ta tashi daga garkuwar tafin hannu ta zama tarkon ƙwallo. Samfurin A2000 na kamfanin Wilson, wanda ya fito a 1957, ya ƙara zurfafa aljihun, wato lungun safar da ƙwallo ke faɗawa.

Da kirgin shanu ake yin yawancinta, masu tsada kuma da fatar ƙananan shanu, wadda ta fi laushi da rashin nauyi. Ana yanka fatar gunduwa-gunduwa, a ɗinke ta a bai-bai, a juyo ta, a ɗora a kan ƙarfe mai zafi mai siffar hannu, a cusa abin da zai tare zafin ƙwallo, sannan a ɗaure da igiyar fata. Wannan ɗaurin har yau aikin hannu ne. Mafi yawa a Asiya ake ɗinka su yanzu, sai dai kamfanin Nokona yana yin nasa a Texas tun 1934.

Mai saye yakan duba gurbinsa a fili. 'Yan tsaron ciki suna son ƙarama, inci 11 zuwa 12, don ciro ƙwallo da sauri. Na bayan fili sun fi son doguwa. Ta mai tare jifa, wato wanda ke tsugune a bayan mai bugun ƙwallo, ba ta da yatsu a rarrabe, kuma ta fi kowace kauri. Mai jefa wa mai bugu ƙwallo kuwa doka ta hana shi sa fara ko mai ruwan toka.

Sabuwa takan zo da tauri. Sai an shafa mai kaɗan, an bubbuge ta da guduma ta katako, an ɗaure ƙwallo a cikinta ta kwana, an kuma yi makonni ana cafe da ita kafin ta bi hannun mai ita.