Da gaske ne dokar ƙwadagon Amurka ba ta kare masu nazarin alƙaluma a ƙungiyoyin besbol?

Akwai maganar da ke yawo tsakanin matasa masu neman aikin nazarin alƙaluma a Amurka, har da 'yan uwanmu da suka je can karatun lissafi da kwamfuta. Wai duk wanda ya karɓi aiki a ƙungiyar ƙwallon besbol ya fita daga inuwar dokar ƙwadago: babu mafi ƙarancin albashi, babu kuɗin ƙarin awa, kuma ko ya kai ƙara babu kotun da za ta saurare shi. Maganar ba haka take ba. Abubuwa uku ne daban-daban aka dama wuri guda, kuma wanda ke cin ribar wannan ruɗani shi ne mai ɗaukar aiki, domin wanda ya yarda ba shi da haƙƙi ba zai taɓa nemansa ba.

Tun kakar 2002, lokacin da Oakland Athletics ƙarƙashin Billy Beane ta nuna cewa ƙungiya mai ƙaramin aljihu za ta iya gogayya da manya ta hanyar lissafi, aikin ya bunƙasa. A 2015 aka kafa na'urorin Statcast a filayen duka ƙungiyoyi 30 na babbar gasar MLB, suna auna gudun ƙwallo da motsin kowane ɗan wasa. Sabon ma'aikaci shi ke tsaftace waɗannan bayanai, ya rubuta manhaja, ya shirya rahoto kan abokan karawa kafin wasa. Wasanni 162 ne a kaka, yawancinsu da dare. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa ba adadi, shi ya sa albashin farko yakan gaza abin da banki ko kamfanin fasaha zai biya mai irin wannan ilimi.

Dokar da ake magana a kai ita ce Fair Labor Standards Act ta 1938, wadda ake taƙaitawa FLSA. Ta ajiye mafi ƙarancin lada na tarayya, dala 7.25 a awa tun 2009, ta kuma ce duk awar da ta haura 40 a mako ana biyanta ninki ɗaya da rabi. Mai sayar da tikiti, mai shara, mai wankin kayan 'yan wasa da ma'aikacin ofis duk a ƙarƙashinta suke, sai wanda wata togaciya ta fitar.

Ruɗani na farko daga 2018 ya samo asali. A watan Maris na shekarar, majalisar dokoki ta cusa wani ɗan sashe mai suna Save America's Pastime Act cikin ƙatuwar dokar kasafin kuɗi mai shafi sama da 2,000, bayan MLB ta daɗe tana kamun ƙafa. Sashen ya cire wanda aka ɗauka domin ya buga besbol daga tsarin ladan awa da ƙarin awa, muddin a lokacin kaka ana ba shi albashin mako da ya kai ladan awa 40, wato dala 290, komai yawan awannin da ya yi. A ganina wannan sashe zalunci ne da aka sa wa hatimin majalisa. Amma a duba kalmominsa: wanda aka ɗauka ya buga wasa. Mai zama gaban kwamfuta ba ya ciki. Su kansu 'yan wasan ƙananan gasa ba su zauna ba. Ƙarar neman lada da tsohon ɗan wasa Aaron Senne da abokansa suka shigar a 2014 ta ƙare da sulhun dala miliyan 185 a 2022, a shekarar suka shiga ƙungiyar ƙwadago, kuma yarjejeniyar 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin matakin Triple-A, wato mafi girma a ƙananan gasa, daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara.

Na biyu shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1922 da ya keɓe besbol daga dokokin hana haɗa baki a kasuwa. Wannan bai shafi ladan awa ba ko kaɗan. Inda yake ciwo wani wuri ne: masu farautar 'yan wasa sun taɓa kai ƙara cewa ƙungiyoyi sun haɗa baki ba sa ɗauke wa juna ma'aikata, abin da ke danne albashi, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar ƙarar a 2017 bisa wannan keɓewar. Wato tana rage wa ma'aikaci ƙarfin ciniki, amma ba ta halatta a hana shi abin da ya yi gumi a kai ba.

Na uku ne ke da sarƙaƙiya ta gaske, kuma nan ya kamata a tsaya. FLSA ta togace wuraren nishaɗi na lokaci-lokaci, irin wuraren wasan yara da ake buɗewa lokacin zafi kawai. Wuri zai shiga togaciyar ta ɗayan hanya biyu: ko dai ba ya aiki fiye da wata bakwai a shekara, ko kuma a shekarar da ta gabata matsakaicin kuɗin shigarsa a watanni shida masu rauni bai wuce kashi ɗaya bisa uku na sauran watanni shidan ba. Kakar besbol wata shida ce da 'yan kai, don haka ƙungiyoyi sun sha cewa su ma wuraren lokaci-lokaci ne.

Kotuna ba su yi magana da murya ɗaya ba. A 1995 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce Sarasota White Sox, ƙaramar ƙungiya a Florida, ta cancanci togaciyar, duk da cewa mai kula da filin da ya kai ƙarar yana aiki har bayan kaka. Wata kotun kuma, a shari'ar masu share filin Cincinnati Reds, ta ƙi amincewa, ganin cewa ƙungiyar na da ma'aikata da harkoki duk shekara. A 2015 wani ɗan sa-kai da ya nemi ladan aikin da ya yi a FanFest, bikin magoya baya na MLB a New York, ya sha kaye, saboda bikin na kwanaki ne kawai. Abin lura a nan shi ne alƙali wurin aikin yake aunawa, ba yawan wahalar ma'aikacin ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka kai tsaye "besbol an togace ta" ya faɗi abin da kotuna ba su faɗa ba. Babbar ƙungiya da ke sayar da tikiti, tana cinikin 'yan wasa, tana karɓar kuɗin talabijin har cikin hunturu, hujjarta ta fi rauni nesa ba kusa ba. Sannan dokar jiha, in ta fi kare ma'aikaci, ita ake bi.

Haka batun masu neman sanin makamar aiki. Kiran mutum ɗan koyo ba ya mai da aikinsa kyauta. Tun Janairun 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ke bin ma'aunin da kotuna suka shimfiɗa mai tambayoyi bakwai, kuma zuciyarsu ɗaya ce: wa ya fi amfana, ɗalibin ko kamfanin? In rahotonka ne kociya ke riƙewa kafin wasa, kana aikin da da ma'aikaci za a ɗauka ya yi, da wuya a ce koyo kawai kake. Ma'aikatar ta taɓa shiga gidajen besbol kuwa: a 2013 San Francisco Giants ta biya ma'aikata 74 bashin lada sama da dala 500,000, a 2014 kuma Miami Marlins ta biya wasu, cikinsu har da 'yan koyon da ba a biya su ba.

Inda ramin yake na gaske ba a cika maganarsa ba. Ana iya fitar da ma'aikacin ofis daga kuɗin ƙarin awa in yana kan tsayayyen albashi da ya kai dala 684 a mako, wato 35,568 a shekara, kuma aikinsa na ƙwararru ne ko na yanke shawara da kansa. Sharuɗɗan duka sai sun cika, kuma suna ba ya cika su. A rubuta maka "manazarci" a takarda alhali bidiyo kake yi wa alama daga safe zuwa dare bisa umarnin wani, wannan bai sa ka zama ƙwararre a idon doka ba. Amma in aikin naka na ƙwararru ne da gaske, to ana iya ba ka dala 36,000, ka yi awa 70 a mako a birni mai tsadar haya, kuma ba a karya dokar tarayya ba. A 2024 gwamnati ta ɗaga iyakar zuwa 43,888, da niyyar kai ta 58,656, wani alƙalin tarayya a Texas ya soke matakin a Nuwamban shekarar. California na da tata iyakar, dala 68,640 a 2025, shi ya sa aiki iri ɗaya ke da hukunci daban a Los Angeles ta California da Houston ta Texas. Gasar da ke samun sama da dala biliyan 10 a shekara tana biyan wani ɓangare na ladan matasa da son da suke yi wa wasan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma a ƙarshe wanda iyayensa za su iya ɗaukar masa haya ne ke iya daurewa har ya kai babban muƙami, ɗan talaka komai hazaƙarsa sai ya sauka a hanya.

Hukuncin karya dokar ba wasa ba ne. Wanda aka danne wa lada yana karɓar bashinsa, da wani daidai da shi a matsayin diyya, wato ninki biyu, sai fa in mai ɗaukar aikin ya gamsar da kotu cewa da kyakkyawar niyya da dalili mai ƙarfi ya yi kuskuren. Ƙungiyar ce kuma ke biyan lauyan ma'aikacin in ya yi nasara. Ana waiwayen shekara biyu, ko uku in da gangan aka yi, don haka kowane wata da aka yi shiru wani abu na zubewa. Sa hannu a takardar cewa ka yafe kuɗin ƙarin awa ba ya aiki, Kotun Ƙoli ta ce tun 1945 ba a yafe haƙƙin da wannan doka ta bayar ta yarjejeniyar bayan fage. Korar mutum ko rage masa matsayi saboda ya yi ƙorafi laifi ne mai zaman kansa. Kuma dokar ba ta ware baƙo ba, ɗalibin da ke aiki da izinin bayan karatu yana da haƙƙin ladan aikin da ya yi kamar ɗan ƙasa.

Na san tsoron da ke hana mutane magana: ƙungiyoyi 30 ne kacal, shugabanninsu sun san juna, kuma ba wanda ke son a san shi da rigima tun yana shekara 23. Tsoro ne mai tushe, kuma doka ba ta iya goge shi gaba ɗaya. Amma kai koke ga sashen lada da awanni na Ma'aikatar Ƙwadago kyauta ne, kuma ana ɓoye sunan mai koken. Ko ba ka shirya kai ƙara ba, ka riƙa rubuta lokacin da ka fara aiki da lokacin da ka tashi kullum, a littafinka na kanka ba a kwamfutar ofis ba, ka adana takardar ɗaukar aiki da ta albashi. In ƙungiya ba ta ajiye sahihin lissafin awanni ba, kotu na karɓar kimantawar ma'aikaci mai ma'ana, nauyin ƙaryata ta kuma ya koma kan ƙungiyar.