Farautar motocin alfarma na Ingila da ba kasafai ake gani ba: tambayoyi da amsoshi

A Birtaniya akwai mutanen da kan ɗauki kyamara su fita kan titi, ko su yi doguwar tafiya zuwa wurin baje koli, domin kawai su yi ido biyu da wata mota da ba kullum ake ganin irinta ba. Ba saye suke zuwa yi ba, kuma yawancinsu ba su da halin mallakar abin da suke nema. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da wannan sha'awa.

Me ke sa mota ta zama abar nema, tsadarta ce?

A'a, tsada daban, ƙaranci daban. Sabuwar Rolls-Royce Cullinan tana da tsada ƙwarai, amma wanda ya yi awa guda a unguwar Mayfair ta Landan zai iya ganin fiye da ɗaya. Abin da mai sha'awa na gaskiya yake dubawa shi ne guda nawa aka ƙera tun asali, kuma nawa ne suka rage suna yawo.

Misali, an ƙera Rolls-Royce Silver Shadow kimanin 30,000 tsakanin 1965 da 1980, saboda haka har yau ana yawan ganinta a wuraren ɗaurin aure. Tagwaiyarta kuwa, wato Bentley T, wadda suke da jiki ɗaya da inji ɗaya, ba ta kai ko 3,000 ba, don haka ganinta ya fi faranta ran masani duk da cewa mai wucewa ba zai lura da bambanci ba. Sai Rolls-Royce Camargue mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, da ta fito a 1975 a matsayin motar da ta fi kowace tsada a kasuwa, kuma ɗari biyar da 'yan kai kacal aka yi kafin a daina a 1986. A can ƙololuwa akwai Phantom IV, guda 18 tak aka ƙera tsakanin 1950 da 1956, kuma ba a sayar wa kowa ba sai gidajen sarauta da shugabannin ƙasashe.

Ta yaya za a bambance tsohuwar Rolls-Royce da Bentley, tunda suna kama?

Kamannin yana da dalili, domin Rolls-Royce ya sayi kamfanin Bentley a 1931, kuma shekaru da dama ana ƙera su a masana'anta ɗaya a garin Crewe, kafin su rabu inda Bentley ta koma hannun Volkswagen a 1998, Rolls-Royce kuma ta koma ƙarƙashin BMW da sabuwar masana'anta a Goodwood daga 2003. Amsar tana fuskar mota. Ragar lagireton Rolls-Royce a tsaye take ƙyam, mai kusurwoyi masu kaifi kamar mashigar wani tsohon ginin Romawa, kuma a samanta akwai ɗan mutum-mutumin mace mai suna Spirit of Ecstasy wanda Charles Sykes ya sassaƙa a 1911. Ta Bentley kuwa kafaɗunta a lanƙwashe suke, tambarinta harafin B ne mai fukafukai. Akwai wata ƙaramar alama da nake so ƙwarai: haruffan RR na tambarin ja ne har zuwa 1933, daga nan aka mayar da su baƙi.

Haka lamarin yake tsakanin Jaguar da Daimler ta Ingila, wadda Jaguar ta saya a 1960. Idan saman ragar gaba yana da zane mai tudu da kwari kamar an matsa yatsu a jikin ƙarfen, to Daimler ce.

Wace mota ce mutane suka fi wucewa ba tare da sun san darajarta ba?

A ganina babu kamar Bristol. Kamfanin ya samo asali ne daga masana'antar jiragen sama da ke Filton, kusa da birnin Bristol, wadda ta shiga ƙera motoci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda ta fara da samfurin 400 da aka ɗora bisa fasahar BMW ta kafin yaƙi. Daga samfurin 407 na 1961 aka koma sanya injin Chrysler na Amurka mai silinda takwas. Da hannu aka riƙa lanƙwasa jikinta na alminiyam, kuma shekara da shekaru kamfanin ba shi da dillali ko ɗaya sai shagonsa guda a kan titin Kensington High Street a Landan, inda mai kamfanin, Tony Crook, wanda tsohon direban tsere ne, ya riƙa karɓar masu saye da kansa.

Ba a yi Bristol don jan hankali ba. Wanda ya tarar da Bristol samfurin Blenheim a fake a wani lungu, da fenti shuɗi mai duhu, zai ɗauka tsohuwar motar wani dattijo ce kawai, ya wuce abinsa zuwa inda matasa suka yi cincirindo suna ɗaukar hoton Lamborghini. Amma idan ka matso ka dubi gefenta, tsakanin tayar gaba da ƙofa, za ka ga wani siririn layi a jikin ƙarfen. Murfi ne wanda ake ɗagawa sama, a cikinsa aka ɓoye safaya taya, a ɗaya gefen kuma batir. An yi haka ne domin nauyi ya zauna ƙasa a tsakiyar mota, but ɗin baya kuma ya zama fili, kuma tunani ne irin na masu ƙera jirgin sama. Kamfanin ya durƙushe a 2011, aka yi yunƙurin farfaɗo da shi bai yi ƙarko ba, aka rushe shi a 2020, saboda haka kowace Bristol da ke kan titi yau tana da mai ita da ya ɗauki nauyin raya ta.

Akwai wasu da ƙananan alamu ke tona asirinsu?

Akwai Jensen Interceptor ta garin West Bromwich, wadda aka yi daga 1966 zuwa 1976, kuma ana gane ta daga nesa da ƙaton gilashinta na baya mai kama da kifaffen kwano. An ƙera ta sama da 6,000. 'Yar'uwarta Jensen FF kuwa 320 kacal aka yi, tayoyinta huɗu duka suna ja, tana kuma da birkin da ba ya maƙale taya, tun a lokacin da manyan kamfanoni ba su kai ga haka ba. Bambancin da ido ke gani shi ne kafar iska da ke bayan tayar gaba: ɗaya ce a Interceptor, biyu a FF. Mai sha'awa da ya hango Jensen, wurin nan yake fara kai idonsa.

Ita Aston Martin Lagonda ba ta ɓuya. William Towns ne ya zana ta, aka nuna ta a Landan a 1976, doguwa, shimfiɗaɗɗiya, gabanta kamar bakin kurfi, kuma dashbod ɗinta na lambobin lantarki ya riga zamaninsa har ya riƙa ba bakanikai wahala. An yi 645 zuwa 1990, kuma attajiran ƙasashen Larabawa sun saye ta sosai. Idan fitilunta na ɗagowa ne daga cikin bonet, ta farko-farko ce. Idan guda shida ne a jere a fili, ƙirar 1987 ce zuwa sama. Sai Gordon-Keeble ta shekarun 1960, wadda kimanin 100 aka ƙera, tambarinta kuma kunkuru ne duk da gudun da take da shi.

Shin lambar mota tana taimakawa wajen sanin shekarunta?

Ƙwarai kuwa. Daga 1963 zuwa 1983 harafin ƙarshe na lamba shi ke nuna shekarar rajista, an fara da A, daga 1983 zuwa 2001 kuma harafin ya dawo farko. Tsarin yanzu ya fara ne a watan Satumban 2001, inda alƙaluma biyu ke nuna lokaci, misali 23 na nufin daga Maris na 2023, 73 kuma daga Satumba na 2023. Baƙar lamba mai haruffa launin azurfa alama ce ta tsohuwar mota. Sai dai masu hali sukan sayi lamba ta musamman da ba ta nuna shekara, kuma doka ta yarda a sa wa mota lambar da ta girme ta, ba ta yarda a sa wadda za ta nuna ta fi ainihinta sabunta ba. Shafin intanet na hukumar DVLA mai rajistar motoci yana nuna kamfanin mota da launinta da lokacin rajistarta ga duk wanda ya shigar da lamba.

A ina kuma yaushe aka fi dacewa?

A Landan, unguwannin Mayfair da Knightsbridge ne, musamman Berkeley Square da Park Lane da Sloane Street, kuma da bazara aka fi samu, lokacin da masu yawon buɗe ido daga ƙasashen Larabawa ke zuwa da motocinsu. Da hunturu masu tsofaffin motoci sukan kulle su a gareji, saboda gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana jawo tsatsa. Wanda yake son tabbas sai ya nufi taron tseren tsofaffin motoci na Goodwood Revival a watan Satumba, ko baje kolin tsofaffin motoci na cibiyar NEC a Birmingham a watan Nuwamba, ko gidajen tarihin motoci na Gaydon da Beaulieu. Amma masu abin sun fi daraja motar da suka ci karo da ita tana tafiya a titi, da laka a tayoyinta.

Ana iya ganin irinsu a ƙasar Hausa?

Ana iya gani, musamman a fadojin sarakuna, kuma tsohuwar Rolls-Royce ta fadar Kano sananniya ce. Abin lura shi ne sitiyari: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ne a watan Afrilun 1972, saboda haka tsohuwar motar Ingila mai sitiyari a dama wadda ta daɗe a gida ɗaya, mai yiwuwa ta shigo kafin wannan canji.

Wane ladabi ake bukata?

Kada a taɓa mota, kada a jingina da ita, domin jikin alminiyam yana lotsawa da ɗan matsi, gyaransa kuma sai ƙwararre. Kada a bi mota zuwa gidan mai ita, kuma idan za a wallafa hoto a ɓoye fuskar direba da duk abin da zai nuna inda yake zaune, saboda ɓarayi ma suna duba hotunan. Idan mai motar yana kusa, a gaishe shi a nemi izini, kuma sau da yawa wanda aka yi wa tambaya mai ma'ana, kamar ko safaya tayar tana nan a gefen gaba, da kansa yake ɗaga murfin ya nuna.