Ba a rushe kwastam ba: abin da yarjejeniyar AfCFTA ta ce game da asalin kaya

Maganar da ake ta yi a Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, da majalisun manoma, daga Kumo har Dadin Kowa, ita ce wai gwamnati ta sa hannu a wata takarda da ta buɗe iyakokin Najeriya, kowa ya shigo da abin da ya ga dama ba tare da ya biya ko sisi ba. Masu tura saƙon murya a WhatsApp sun ƙara mata gishiri: wai an kusa rushe kwastam, wai shinkafar Tailan za ta cika kasuwa, wai duk wanda ya ajiye hatsi ya yi maza ya rabu da shi. Wasu kuma murna suke, har na ji matasa na shirin haɗa jari su tafi bakin boda su yi lodi. Duka ɓangarorin sun yi wa maganar gurguwar fahimta. Na biyun ne suka fi ba ni tsoro, domin nasu kuskuren yana iya ƙarewa a gaban alƙali.

Takardar dai akwai ta, kuma ba sabuwa ba ce. Ita ce yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, wadda ake kira AfCFTA. Ƙasashe 44 ne suka fara sa mata hannu a Kigali ranar 21 ga Maris 2018. Najeriya ba ta cikinsu. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya fasa tafiyar bayan ƙungiyar ƙwadago da masu masana'antu sun nuna ba su yarda ba, sai a Yulin 2019 ya sa hannu a taron Yamai. An buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021, ofishinta kuma yana Accra. Ta shafi ƙasashen Tarayyar Afirka ne kaɗai, su ma waɗanda suka amince da ita a hukumance. Tailan da Indiya da Sin ba sa ciki.

Abin da aka yi alkawarin ragewa shi ne harajin shigo da kaya, a hankali, ba rana ɗaya ba. An kasa jerin kayayyaki gida uku. Kashi 90 cikin ɗari za a riƙa zaftare harajinsu har ya ƙare, cikin shekara biyar ga ƙasashe masu ɗan ƙarfi, goma ga marasa ƙarfi. Kashi 7 an ba su lokaci mai tsawo saboda ana jin tsoron taɓa su. Kashi 3 kuwa an bar wa kowace ƙasa ko gungun ƙasashe su keɓe, ba za a cire musu haraji ba sam. Najeriya ta miƙa nata jerin tare da sauran ƙasashen ECOWAS, kuma sai a Afrilun 2025 aka buga shi a jaridar gwamnati. Harajin VAT yana nan, binciken NAFDAC yana nan, jami'an lafiyar tsirrai da dabbobi suna nan. Kwastam ma aiki aka ƙara musu.

Aikin da aka ƙara musun shi ne tantance asalin kaya, kuma nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. Mutane sun ɗauka duk kayan da ya taso daga wata ƙasar Afirka ya zama na Afirka. Yarjejeniyar ba ta duba inda aka yi wa mota lodi. Tana tambaya ne: a ina aka noma shi, a ina aka haife shi, a ina aka ƙera shi?

Hanya biyu ce kaya ke samun wannan shaida. Ta farko, ya zama kacokan daga ƙasar ya fito: masarar da aka shuka aka girbe a Kamaru, saniyar da aka haifa aka yi kiwonta a Chadi, waken da aka roro a gonakin Gombe. Ta biyu, idan an yi amfani da kayan waje, to sai an sarrafa su sarrafawa ta gaske, wadda ta sauya kayan ya zama wani abu dabam, ko ta ƙara masa daraja zuwa ma'aunin da aka gindaya wa irinsa. Kowane nau'in kaya da nasa ma'aunin, shi ya sa aka daɗe ana ja-in-ja, musamman a kan tufafi da motoci.

Waɗanda suka rubuta ƙa'idar sun san halin 'yan kasuwa, don haka suka jero ayyukan da ba sa mayar da kayan waje na gida. Sauya buhu ba ya yi. Liƙa sabon tambari ba ya yi. Wankewa, tsincewa, rarraba babban kwali zuwa ƙanana, gauraya abu biyu haka kawai, duk ba sa yi. Har casar shinkafa da goge ta don ta yi sheƙi an ambata da suna. Ke nan idan jirgin ruwa ya sauke shinkafa daga Tailan a tashar Kwatano, aka juye ta a buhun da aka rubuta wa sunan wani kamfanin Jamhuriyar Benin, har yanzu 'yar Tailan ce a idon doka. Ko shanshera aka shigo da ita aka cashe a can, ba ta sauya asali ba. Kuma kada a manta, tun 2016 kwastam ta hana shigo da shinkafa ta kan iyakokin ƙasa. Rufe boda da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wata guda kacal bayan sa hannun Yamai, a kan irin wannan kaya ne.

Akwai wani sashe mai daɗi da ba a cika faɗa ba. Kayan da aka samo daga wata ƙasar da ke cikin yarjejeniyar ana lissafa shi kamar na gida. Idan masaƙa a Gana ta sayi audugar Gombe ta saƙa, audugar ba ta zama baƙuwa a lissafin asali ba. Manufar ke nan tun farko: Afirka ta riƙa sayen na juna, domin cinikin da ƙasashen nahiyar ke yi tsakaninsu kusan kashi 15 ne kawai cikin ɗari na duk cinikinsu.

Baki ba ya tabbatar da asali, sai takarda. Mai kaya zai nuna takardar shaidar asali daga hukumar da ƙasarsa ta ɗora wa alhakin, kuma kwastam na ƙasar da aka kai kayan suna da ikon tuhumar takardar, su nemi a binciko gaskiyarta daga inda ta fito. Wanda ba shi da ita, ko da kayansa na Afirka ne tsantsa, cikakken haraji zai biya kamar da. Wanda ya yi ta jabu kuwa ya shiga wani babi. Yarjejeniyar ta bar hukunci ga dokar kowace ƙasa, a nan kuwa dokar kwastam ta 2023 ce ke aiki. Faɗin ƙarya a kan kaya laifi ne, shigowa ta ɓarauniyar hanya fasa-ƙwauri ne, kuma ana ƙwace kayan, ana iya haɗawa da motar da ta ɗauko su, sannan a gurfanar da mutum a Babbar Kotun Tarayya, inda tara ko ɗauri ke jiransa.

Wannan batun mota shi ne ya kamata direbobi su riƙe. Mai kaya yana zaune a gida da waya a hannu. Wanda ake tsayarwa a hanya shi ne direba da yaron mota, kuma sau da yawa motar ta wani ce, ko ta bashi ce ba a gama biya ba. Na ji wani dattijon direba a tasha yana ja wa ɗan ƙaninsa kunne, yaron ya ce, "Baba, ai an ce yanzu an halatta." Dattijon ya ce, "Wa ya ce? In sun tare ka, wayar za ka nuna musu?" Ba shi da masaniya a kan Kigali ko Yamai, amma ya fi masu saƙon murya fahimtar dokar.

To me ya karya farashin masara da shinkafa, har manomi ya sayar da buhu bai mayar da kuɗin taki ba? Dalilai sun haɗu, amma wanda ya shafi shigo da kaya wata manufa ce dabam. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, don a sassauta tsadar abinci. Wannan rangwamen bai tambayi asalin Afirka ba, kuma manyan kamfanoni ne suka cika sharuɗɗansa. Wanda yake da ƙorafi a kan haka yana da hujja, amma ya kai shi inda ya dace. Haka ma batun cewa baƙi za su kwararo su ƙwace ayyuka: 'yancin zirga-zirgar mutane wata takarda ce mai zaman kanta, kuma ƙasashe ƙalilan ne suka amince da ita.

Ga ɗan Gombe, inda yarjejeniyar ke da sabon abu shi ne gabas. Da ƙasashen yamma mun daɗe muna da tsarin ECOWAS na cire haraji a kan amfanin gona da dabbobi. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, alhali nan ne hatsinmu da ke bi ta Yola da Mubi da Maiduguri ke dosa, nan ne kuma shanu ke fitowa. Idan aka aiwatar da abin yadda aka rubuta, cinikin da aka daɗe ana yi a ɓoye zai samu hanyar fitowa fili.

Sai dai a nan ba zan ɓoye ra'ayina ba. Ƙa'idar asali ta yi adalci a rubuce, amma ta fi yi wa wanda yake da lauya da akawu daɗi. Kafin mutum ya fitar da kaya a hukumance yana buƙatar rajistar kamfani, da shaidar hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki, da fom ɗin fitar da kaya da ake kira NXP, wanda ake cikewa ta banki. Dillalin da ke haɗa buhu hamsin daga ƙauyuka biyar, a ina zai fara? An yi sassauci ga ƙananan kaya da darajarsu ba ta wuce dala 5,000 ba, cewa mai kayan zai iya rubuta shaidar asali da kansa. Amma sassaucin da jami'in da ke bakin boda bai sani ba, shi ma mai kayan bai sani ba, sunansa kawai sassauci. Ga shingayen hanya, waɗanda ba harajin kwastam ba ne, amma kowane direba ya san abin da suke ci daga Gombe zuwa bakin iyaka.

Masu tsoro ma ba a banza suke tsoro ba. Garin Gombe ya ga lokacin da auduga ke riƙe da shi, ana kai ta injin gurza, jirgin ƙasa na ɗauka. Masaƙun Kaduna da Kano da ke saye sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wuta da atamfar Sin mai arha da ake shigowa da ita ta bayan fage, dubban ma'aikata suka koma gida, manomin auduga ya koma masara. Wannan ɓarnar ba AfCFTA ce ta yi ba, ta riga ta da shekaru. Amma ta nuna abin da ke faruwa idan takarda ta ce wani abu, boda kuma ta yi wani. Kamfanin da ke aiki da janareta zai yi gogayya da na Masar da Maroko da Afirka ta Kudu, kuma su kayansu halastattu ne, ba wanda zai ƙwace. An tanadi damar ƙasa ta ɗauki matakin kariya na ɗan lokaci idan kaya suka yi wa masana'antunta ambaliya, amma sai gwamnati ta tattara hujja ta nema.

Saura batun inganci, wanda cire haraji bai taɓa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu ke zuba wa buhu don kada ya yi ƙwari a sito. Ƙasashen Afirka ma suna da ikon gwada kaya su mayar da shi in bai cika ma'aunin lafiya ba, ko da takardar asalinsa ta cika. Mai ajiye wake don kai wa waje gara ya koma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ko durom mai murfi, ya bar kwalbar magani.