Yaƙin Gidiyon da Madayanawa

Yaƙin Gidiyon da Madayanawa fafatawa ce da Littafin Mahukunta na Tsohon Alkawari ya ba da labarinta a babi na 6 zuwa 8, inda mutum 300 na Isra'ila suka tarwatsa rundunar da littafin ya ce ta kai 135,000. Galibin masana na ɗora aukuwarsa a wajejen ƙarni na 12 kafin haihuwar Almasihu.

Asali

Shekara bakwai Madayanawa da Amalekawa, ƙabilun hamada masu maƙwabtaka da Isra'ila, suna shigowa ƙasar kan raƙuma, suna wawushe amfanin gona da dabbobi, har jama'a suka koma kwana a koguna. Gidiyon ɗan Yowash, mutumin Ofra daga kabilar Manassa, yana sussukar alkama a ɓoye lokacin da mala'ika ya kira shi ya ceci Isra'ila. Aikinsa na farko a gida ya yi shi: ya rushe bagaden gunkin Ba'al na mahaifinsa da dare, daga nan aka laƙaba masa suna Yerubba'al.

Tace runduna

Mutum 32,000 suka taru a maɓuɓɓugar Harod, maƙiya kuma na arewa da su wajen tudun More. Ubangiji ya ce sun yi yawa, kada Isra'ila ta ce ƙarfinta ne ya cece ta. Aka yi shela duk mai jin tsoro ya koma. 22,000 suka juya. Sauran 10,000 aka kai su bakin ruwa. Waɗanda suka durƙusa suka sha aka sallame su, aka riƙe 300 da suka ɗebo ruwan da tafin hannu. Masu sharhi sun rabu kan ko gwajin na auna tsantseni ne ko kuwa hanyar rage adadi kawai.

Daren farmaki

Shi kansa jagoran bai rabu da fargaba ba. Sai da ya lallaɓa da baransa Fura zuwa gefen sansanin maƙiya, ya ji wani daga cikinsu na ba da labarin mafarkin gurasar sha'ir da ta gangaro ta kifar da tanti, abokinsa kuma ya fassara shi da nasarar Gidiyon, sannan zuciyarsa ta tsaya. Ya kasa mutanensa kashi uku, kowa da ƙaho da tulu, da jiniya, wato sanda mai ci da wuta, a ɓoye cikin tulun, ya ce su dube shi su yi abin da ya yi. Da tsakar dare, an canja masu gadi ke nan, suka busa ƙahoni, suka farfasa tuluna, wuta ta bayyana ta ko'ina. Madayanawa suka ruɗe suka shiga saran juna. Ifraimawa, wata kabila ta Isra'ila, suka tare mashigan Kogin Urdun, suka kashe Oreb da Ziyib, shugabannin Madayanawa biyu. Gidiyon ya bi sarakunan Madayanawa Zeba da Zalmunna har hayin kogi ya kamo su.

An yi masa tayin sarauta, ya ƙi.

Bincike

Masana tarihi da dama na ganin an kambama alƙaluman. A 2021 aka sanar da gano wani ɓallen tulu a Khirbet el-Ra'i, wani kufai a Isra'ila, mai ɗauke da rubutun da aka karanta Yerubba'al, na wajen 1100 kafin Almasihu, ko da yake ba a tabbatar Gidiyon ake nufi ba. Ana kuma kwatanta gwajin ruwan da na Ɗalutu a Suratul Baƙara, aya ta 249.