Katin Memori da Kayan Kyamara: Tambayoyin Mai Saye ta Intanet

Sayen kayan kyamara ta intanet cinikin biri a sama ne. Kana ganin hoton abu a allon waya, ka biya kuɗi, sai bayan kwanaki ya iso hannunka. Akasarin kayan, idan ba su yi ba, nan take za ka gane: jakar da ta yi ƙaranci, ko murfin da ya ƙi zama. Katin memori kuwa ba ya nuna halinsa da wuri, shi ya sa mafi yawan tambayoyin nan a kansa suke.

Me ya sa ake damuwa da katin memori haka, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kayan kyamara?

Domin duk abin da kyamara ta ɗauka, a kansa yake sauka. Idan batir ya mutu, sai ka canja wani. Idan mazaunin kyamara mai ƙafa uku ya karye, sai ka riƙe ta da hannu. Amma idan kati ya ci amana, lokacin da ka ɗauka ya wuce, ba ya dawowa.

Na taɓa sayen kati da aka rubuta 128GB a jikinsa, daga wani mai sayarwa da ban sani ba, saboda sauƙin kuɗinsa ya ja ni. Kwana biyu ina aiki da shi lafiya ƙalau. Ranar da na zauna zan kwashe hotunan zuwa kwamfuta, na farko-farko suka buɗe da kyau, sai daga tsakiya na fara ganin hoto rabinsa launin toka, na gaba kuma ya ƙi buɗewa sam. Sunayen fayilolin suna nan, girmansu yana nan a rubuce, amma cikinsu wayam. Tun daga ranar ban ƙara sa sabon kati a kyamara ba sai na gwada shi.

Ta yaya ake yin katin jabu?

A cikin kowane kati akwai abubuwa biyu: wurin da ake ajiye bayanai, da wata 'yar na'ura da ke kula da shi, wadda ita ce ke gaya wa kyamara ko kwamfuta girman katin. Masu jabu sukan ɗauki ƙaramin kati, misali mai 8GB ko 16GB, su sauya abin da 'yar na'urar ke faɗa, ta riƙa cewa 128GB ne ko 256GB. Kyamara ba ta da hanyar musantawa, abin da aka gaya mata shi take nunawa. Muddin ba ka wuce ainihin girman katin ba, komai zai tafi daidai. Da zarar ka wuce, sabbin hotuna ko dai su hau kan tsofaffi su shafe su, ko kuma su tafi inda babu wurin ajiya ko kaɗan.

Akwai wani nau'in jabun da girmansa gaskiya ne, amma gudunsa ƙarya ne. An manna masa takardar kati mai sauri, alhali na ƙasa ne. Wannan shi ne wanda ke sa bidiyo ya tsaya da kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi.

Kada ka dogara da kwali ko kyan rubutu. A da ana gane jabu da rubutun da ya shafe ko launin da ya koɗe, yanzu kuwa wasunsu kyan ɗan maciji ne da su.

To, yaya zan gwada kati idan ya iso?

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin kyauta ne. Ga mai kwamfutar Windows akwai wata ƙaramar manhaja mai suna H2testw. Ga mai Mac ko Linux akwai F3. Aikinsu iri ɗaya ne: su cika katin maƙil da bayanan gwaji, sannan su dawo su karanta su ɗaya bayan ɗaya, su ga ko abin da suka rubuta shi suka tarar. Idan katin 16GB ne ya sa rigar 128GB, a nan asirinsa zai tonu, domin manhajar za ta nuna maka adadin da ya tsira da adadin da ya ɓace. Za kuma ta nuna gudun rubutu da na karatu.

Gwajin yana cin lokaci, babban kati yana iya kai awa ɗaya ko fiye. Ka yi shi ranar da kayan suka iso, kafin ka zuba komai a kai, tun wa'adin mayar da kaya bai ƙare ba. Ka ɗauki hoton sakamakon ka ajiye, shi ne hujjarka idan za ka nemi a maido maka da kuɗinka.

Abu ɗaya da zai iya yaudararka: na'urar karanta kati. Idan tsohuwa ce mai USB 2.0, ko da katin mai sauri ne ba za ka ga fiye da megabayit 30 zuwa 40 a daƙiƙa ba. Kada ka ɗora wa kati laifin na'urar.

Na sayi 64GB, kwamfuta ta nuna 59 da 'yan kai. An cuce ni ke nan?

A'a. Kamfanoni suna lissafin gigabayit ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, Windows kuma tana lissafi da 1024 a kowane mataki. Saboda haka 64GB yakan fito wajen 59, 128GB kuma wajen 119. Wannan daidai ne.

Me waɗannan haruffa da lambobi da suka cika fuskar katin suke nufi?

Kashi biyu ne: masu maganar girma da masu maganar gudu.

Katin SD ya fito a 1999, daga haɗin gwiwar SanDisk da Panasonic da Toshiba, kuma na farkon bai wuce 2GB ba. SDHC ya zo a 2006, yana kaiwa 32GB. SDXC ya biyo baya a 2009, daga sama da 32GB har zuwa 2TB. Amfanin sanin wannan shi ne tsohuwar kyamarar da aka ƙera kafin zuwan SDXC ba za ta karanta katin 64GB ba, komai ingancinsa. Haka kuma SDHC yana aiki da tsarin FAT32, wanda ba ya yarda fayil ɗaya ya wuce 4GB, shi ya sa dogon bidiyo yake fitowa gunduwa-gunduwa a kansa.

A ɓangaren gudu, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Babbar lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro, kamar 170MB/s ko 200MB/s, yawanci gudun karatu ne, wato saurin kwashe hotuna zuwa kwamfuta, kuma shi ma iyakar abin da zai iya kaiwa ne a yanayi mafi kyau. Kyamara ba ruwanta da wannan. Abin da ya dame ta shi ne gudun rubutu, musamman mafi ƙarancinsa, wanda katin ya yi alkawarin ba zai sauka ƙasa da shi ba. Ƙananan alamomin ne ke faɗin wannan. Lamba 10 a cikin harafin C tana nufin megabayit 10 a daƙiƙa. Lamba 1 a cikin harafin U ita ma 10 ce, lamba 3 a cikin U kuma 30. Sai masu harafin V da aka yi domin bidiyo: V30, V60, V90, lambar ita ce gudun kai tsaye.

Alamar A1 ko A2 ta masu waya ce, tana magana ne a kan gudanar da manhajoji daga kati. Mai kyamara ya wuce ta.

Sai kuma I ko II da ake rubutawa a gefe, wato UHS-I ko UHS-II, irin hanyar da bayanai ke bi tsakanin kati da na'ura. UHS-I iyakarsa a ƙa'ida megabayit 104 a daƙiƙa, UHS-II kuwa yana kaiwa 312. Juya katin ka duba bayansa: UHS-II yana da layi biyu na 'yan ƙarafan zinariya, UHS-I layi ɗaya. Idan kyamararka ba ta san layi na biyun ba, katin zai yi aiki, amma da gudun UHS-I, kuɗin da ka ƙara ya tafi a banza sai dai wajen kwashewa zuwa kwamfuta.

Wane gudu nake buƙata?

Buɗe littafin kyamararka ka duba nauyin bidiyon da take ɗauka. Za ka ga an rubuta shi da megabit, katin kuma da megabayit ake auna shi, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Sai ka raba da takwas. Bidiyon 4K mai megabit 100 a daƙiƙa yana buƙatar megabayit 12.5 ne kawai, V30 ya ishe shi har da rara. Mai megabit 400 yana buƙatar 50, a nan sai V60. Wannan lissafin ne kuma zai gaya maka girman da za ka saya, domin awa ɗaya ta bidiyo mai megabit 100 tana cin kimanin 45GB.

Ga mai ɗaukar hotuna jefi-jefi, V30 daga sanannen kamfani ya wadatar. Mai ɗaukar wasanni ko tsuntsaye, wanda ke danne maɓalli kyamara ta yi ta harbawa a jere, shi ne zai ji bambancin kati mai sauri, saboda ba zai tsaya yana kallon 'yar jar fitila tana ƙyaftawa ba yayin da abin da yake son ɗauka ke wucewa. Wasu manyan kyamarori ma sun koma katin CFexpress, kuma shi iri-iri ne: Sony na amfani da Type A, Canon da Nikon kuma Type B, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya.

Daga wa zan saya?

A ganina wannan ta fi tambayar wane kamfani muhimmanci. SanDisk, Samsung, Kingston, Lexar, Sony, duk suna yin kati mai kyau, kuma shahararsu ce ta sa su ne aka fi yi wa jabu. Manyan shafukan saye da sayarwa kasuwa ce, ba shago ɗaya ba. A ƙarƙashin hoto ɗaya ana iya samun masu sayarwa goma, kowa da kayansa. Ka nemi layin da ke faɗin wanda ke sayarwa da wanda zai aiko. Ka fifita shagon kamfanin da kansa, ko dillalin da kamfanin ya amince da shi, ko sanannen shagon kayan kyamara.

Idan za ka karanta ra'ayoyin waɗanda suka saya, fara da masu ƙorafi, kuma na kwanan nan. Mai yabo sau da yawa ya rubuta ne ranar da kayan suka iso, tun katin bai cika ba. Ka kuma tabbatar akwai damar mayar da kaya. Idan ka ga katin 512GB ko 1TB ana sayar da shi a kuɗin na 32GB, ba garaɓasa ba ce. Araha ba ta ado.

Babban kati ɗaya ya fi, ko matsakaita biyu?

Ni na fi son biyu ko uku. Kati na gaskiya ma yana lalacewa, yana kuma ɓata, kuma asarar rabin aiki ta fi asarar dukansa sauƙi. Idan kyamararka mai rami biyu ce, saita ta ta riƙa rubuta kowane hoto a katunan biyu lokaci guda.

Zan iya sa ƙaramin katin microSD a cikin gidansa mai girman katin SD in yi aiki da shi a kyamara?

Yana aiki. Sai dai gidan roba ne marar ƙwari, kuma ƙarin mahaɗa ce da za ta iya sakin layi. Don aiki mai muhimmanci, sayi cikakken SD. Kyamarar mota da ta tsaro, masu rubutu dare da rana, su kuma akwai katin da aka yi musu na musamman mai juriya, za ka ga an rubuta Endurance a jikinsa.

Sauran kaya fa, irin su batir da gilashin gaban ido?

A nan kuskuren da aka fi yi shi ne na lamba. Batir yana da sunansa, kamar LP-E6 na Canon da danginsa, EN-EL15 na Nikon, NP-FZ100 na Sony. Ciro naka ka karanta, kada ka saya da kamannin hoto. Akwai kamfanonin da ke yin batir a madadin na asali da sunansu a fili, wasu suna da kyau, ko da yake wani lokaci kyamara takan nuna gargaɗi ko ta ƙi nuna sauran cajin da ya rage. Wanda nake gudu shi ne mai ɗauke da tambarin kamfanin kyamara alhali ba nasu ba ne. Batirin da ya fara kumbura kuwa a daina aiki da shi nan take, domin yana iya maƙalewa a cikin kyamara, yana kuma iya kamawa da wuta.

Gilashin da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara da faɗin bakin idon ake sayensa. Duba gaban idon ko cikin murfinsa, za ka ga da'ira da aka ratsa da layi, sai lamba kamar 52 ko 58 ko 67 ko 77. Wannan ce lambar da za ka nema, ba 18-55 ko 50 da ke nuna nisan hangensa ba. Idon kansa ma sai ka san bakin kyamararka, domin a Canon kaɗai akwai EF da RF, a Nikon akwai F da Z.

Hotuna sun ɓace, ko na goge su bisa kuskure. Akwai abin yi?

Cire katin nan take, kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa. Gogewa ba ta share hoton kai tsaye, sunansa kawai take cirewa daga jerin, ta bar wurin a matsayin fili. Sabon hoto ne zai hau kansa ya binne shi. Tura 'yar makullin da ke gefen katin SD zuwa ƙasa don ya kulle, sa shi a kwamfuta, ka yi amfani da manhajar ceto irin PhotoRec, wadda kyauta ce. Abin da ta ceto ka ajiye shi a kwamfuta, ba a kan katin ba. Idan katin jabu ne kuma hotunan sun faɗa ɓangaren da babu shi, babu manhajar da za ta dawo da su, tunda ba a taɓa rubuta su ba.

Don kauce wa irin wannan, ka riƙa yi wa kati fomat, wato share shi gaba ɗaya, a cikin kyamarar da za ta yi aiki da shi, bayan ka tabbatar hotunan suna wurare biyu daban. Kada ka zare kati ko batir fitilar rubutu tana kunne. Katin da ya taɓa nuna maka saƙon matsala sau biyu, ka kwashe abin da ke kansa ka ajiye shi gefe, kada ya sake shiga kyamara ranar aiki.