Waiwaye: Daga ina zancen "allurar hutu" ya faro?

Tun da majalisar dokokin Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a a watan Nuwamban 2024, 'yan majalisa 330 suka goyi bayan ƙudurin bai wa mai ciwon ajali damar neman a taimaka masa ya mutu, 275 suka ƙi, zancen ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a Facebook da hirar ma'aikatan jinya a nan Katsina. Wasu na ɗauka jiya-jiya abin ya ɓullo.

Tsohon zance ne. Rantsuwar likitocin Girka ta dā ta hana ba da guba ko da mara lafiyan ne ya roƙa. Alkawarin nas-nas da aka rubuta a Amurka a 1893, mai ɗauke da sunan Florence Nightingale, shi ma ya hana ba da magani mai cutarwa da gangan. Daga baya aka fara sassautawa: jihar Oregon a 1997, Holan da Beljiyam a 2002, Kanada a 2016, inda har wasu manyan nas-nas ke da izinin yin allurar da hannunsu. Mu nan ba a ja: dokar Najeriya ta ɗauki taimaka wa mutum ya kashe kansa babban laifi, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, hadisi ma ya hana ko burin mutuwa saboda wata cuta.

Sai dai hani bai kashe roƙo ba. Yayata, nas ce da ta daɗe tana aikin dare a ɗakin mata na asibiti, ta ba ni labarin wata dattijuwa daga wajen Daura da sankarar mama ta ci ƙarfinta. Wajen ƙarfe biyu ta kamo gefen hijabinta ta ce, "Ɗiyar nan, don Allah babu wata allura da za ki yi mani in huta?" Mai salla ce, carbi na hannunta. Kwana huɗu ba ta runtsa ba.

A nan nake so a tsaya a duba abin da ya faru a Yuganda, wanda ba kasafai masu muhawarar ke tunawa da shi ba. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin asibiti a nan Najeriya, ta kafa Hospice Africa, cibiyar kula da masu ciwon ajali, a Kampala. Tafarkin Cicely Saunders ta bi, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan a 1967, ta kuma koyar da cewa a riƙa ba da maganin zafi a kan lokaci, kada a jira sai mutum ya fara ihu. Merriman ta sauƙaƙa abin: garin mofin, maganin zafi mai ƙarfi, a dama da ruwa, a zuba a gora, a sa masa launi don a bambance mai ƙarfi da marar ƙarfi, mara lafiya ya sha a gida bayan kowace awa huɗu. To wa zai rubuta maganin a ƙauyen da babu likita? A 2004 Yuganda ta gyara dokarta, ta bai wa nas-nas masu horo na musamman izinin rubuta mofin, ita ce ta farko a Afirka. A can, nas ɗin da aka riƙe wa hannu tsakar dare ta samu abin bayarwa wanda ba kisa ba.

Wani rahoton mujallar Lancet a 2017 ya nuna rabin mutanen duniya, mafiya talauci, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani ke isa gare su. Mu kuma ga tsoron tiramol da kodin da suka lalata mana matasa, har dangi kan ce kada a ba tsohuwarsu "ƙwaya". Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

A daren nan farasitamol kawai yayata ke da shi a hannu. Ta jawo kujera ta ce, "Inna, wannan allurar ba zan yi maki ba, amma ba inda za ni." Ta gyara mata kwanciya, ta riƙa biya mata addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya koyar: Allah Ka raya ni in rayuwa ce mafi alheri gare ni, Ka ɗauke ni in mutuwa ce mafi alheri. Suna nan a haka har aka kira assalatu.