Damar Hamlin da mintunan da muke ɓatawa wajen neman ruwa

Salamu alaikum jama'a. Ni aikin jinya nake, kuma yau labarin wani matashi ɗan wasa a Amurka nake so in baku, sunansa Damar Hamlin, saboda abinda aka yi masa a mintunan farko bayan ya faɗi a fili shine abinda na daɗe ina roƙon matasanmu da kociyoyin unguwa su koya.

Wasan nasu ba irin ƙwallonmu bane. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake rungumarta a ruga da gudu, kowa da hular kwano da sulke a kafaɗa, mutum 11 kowane ɓangare, kuma aikin masu tsaron baya shine su kama wanda ya ɗauko ƙwallo su kai shi ƙasa. Hamlin yana cikin na can ƙarshen baya, wato in aka wuce shi to sai dai a ƙirga ci. An haife shi 24 ga Maris 1998 a wani ƙaramin gari McKees Rocks dake gefen Pittsburgh a jihar Pennsylvania, a Pittsburgh ɗin yayi sakandare, da manyan jami'o'i suka neme shi ya zaɓi jami'ar garinsu don ya zauna kusa da gida. A 2021 ƙungiyar Buffalo Bills ta gasar NFL ta ɗauke shi, shine mutum na 212 a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar, kaga ba wani tauraro bane da ake rububi. Shekarar farko yawanci a benci ya ƙare ta. Sai 2022 da abokin wasansa na tsaron baya Micah Hyde ya samu rauni a wuya sannan aka fara sa shi daga farkon wasa, ya kuwa riƙe gurin da kyau.

Daren Litinin 2 ga Janairu 2023 suna wasa da Cincinnati Bengals a gidan Bengals ɗin, miliyoyin mutane na kallo kai tsaye. Ba a jima da farawa ba ɗan wasan Bengals Tee Higgins ya cafe ƙwallo ya taho da gudu, Hamlin ya tare shi, kafaɗar Higgins ta daki ƙirjinsa, suka faɗi tare. Karo ne irin wanda ake yi sau barkatai a kowane wasa. Hamlin ya miƙe tsaye, ya ɗan gyara hularsa, sai kawai ya yanke jiki ya faɗi ta baya. Shekararsa 24, lafiyayyen ƙato, zuciyarsa ta tsaya.

Toh nan ne inda nake so ku tsaya ku kula. Cikin daƙiƙu ma'aikatan lafiya suka iso kansa, suka duba basu ji bugun jini ba, basu tsaya shawara ba, wani ma'aikacin ƙungiyar Bills mai suna Denny Kellington ya durƙusa ya fara danna masa ƙirji, wato abinda muke kira CPR a asibiti, aka kawo na'urar nan mai yiwa zuciya shokin aka manna masa, a nan cikin fili bugun zuciyar ya dawo kafin ma a saka shi a motar asibiti. An kai shi asibitin jami'ar Cincinnati aka sa masa injin numfashi, bayan 'yan kwanaki ya farka, kuma tun bututu na bakinsa ya nemi abin rubutu ya tambaya wa ya ci wasan. Mu a wajenmu wannan tambayar babban albishir ce, tana nufin ƙwaƙwalwarsa bata lalace ba, kuma abinda ya tsare ƙwaƙwalwar shine hannun da ya ringa tura mata jini lokacin da zuciyar ta daina aiki. 11 ga Janairu aka sallame shi gida. Wasan kuwa soke shi aka yi gaba ɗaya.

A watan Afrilu 2023 ya fito ya faɗi abinda likitocinsa suka gano, sunansa komoshiyo kodis. Zuciya da lantarki take aiki, kowane bugu akwai wani ɗan taƙin lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, da take sake shiri don bugu na gaba, in aka yi rashin sa'a duka ya sauka daidai saitin zuciya a daidai wannan lokacin sai lantarkin ya rikice, zuciyar ta koma karkarwa kawai ba ta tura jini. Ba sai dukan yayi ƙarfi ba, ba kuma sai mutum yana da ciwon zuciya ba, kuma yara maza 'yan sha-wani-abu yafi samu saboda ƙashin ƙirjinsu bai gama ƙwari ba. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kada kowa ya hana ɗansa wasa saboda wannan. Amma tsayawar zuciya ita kanta, ko menene sanadinta, mun santa. Manyanmu basu manta Samuel Okwaraji ba da ya faɗi a babban filin wasa na Legas 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, da Marc-Vivien Foé na Kamaru a Lyon ta Faransa a 2003, duk basu tashi ba. Christian Eriksen na Denmak kuma a Yunin 2021 ya faɗi ana wasa da Finlan, aka danna masa ƙirji nan take aka sa masa na'ura, ya tashi har ya dawo taka leda.

Wallahi abin yana min ciwo in na tuna wani yaro da aka taɓa kawo mana daga filin ƙwallon unguwa a adaidaita, jikinsa sharkaf da ruwa, hancinsa na warin albasa, abokansa na kuka suna cewa sun yi iya ƙoƙarinsu. Kuma gaskiya suka faɗa, sun yi abinda suka sani, sun yayyafa ruwa, sun yi fifita da riga, wani ya ɗaga ƙafafunsa, sun jira mai adaidaita, amma cikin kusan rabin awa ɗin nan babu wanda ya taɓa ƙirjinsa. Ƙwaƙwalwa kuwa in jini ya yanke mata daga minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. Rai na Allah ne, babu musu, amma an umarce mu da yin sababi, kuma wannan sababin hannu biyu kawai yake buƙata.

Ga yadda ake yi. In mutum ya faɗi, ka bubbuga kafaɗarsa da ƙarfi ka kira shi, ka kalli ƙirjinsa kamar daƙiƙa 10. In baya amsawa kuma baya numfashi, ko yana wani irin kakari jefi-jefi kamar kifin da aka fitar daga ruwa, wannan kakarin ba numfashi bane kuma shine yake yaudarar mutane su ce ai da sauran ransa a bashi iska. Wani ma zai ɗan yi fizge-fizge na 'yan daƙiƙu a ɗauka farfaɗiya ce. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa kace kai kira 112 ko ka nemo mota, don in kace a kira mota kowa zai tsaya kallon kowa. Sai ka kwantar dashi rigingine a ƙasa mai tauri, banda katifa, ka durƙusa gefensa, ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji kan ƙashin, ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna da nauyin jikinka ƙirjin ya lotsa kamar santimita 5 zuwa 6, ka bari ya taso, ka sake, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu duk daƙiƙa. Da gajiya sosai, shi yasa duk minti 2 wani ya karɓe ka ba tare da an tsaya ba. Kana iya jin haƙarƙari ya yi ƙara, kar ka daina, karaya tana warkewa. Kar a ɗura masa ruwa ko madara, kar a cusa cokali a baki, kar a zaunar dashi, masu ɗaukar bidiyo kuma don Allah su matsa. Ana cigaba har sai ya motsa ya fara numfashi sosai ko ma'aikatan lafiya sun karɓa. In baka iya hura iska a baki ba dannawar kaɗai ta wadatar ga babba, amma ƙaramin yaro da wanda aka ciro daga ruwa suna buƙatar hurawar, sau 2 bayan kowane danni 30.

Ita na'urar shokin ɗin, AED, an yi ta ne don wanda ba likita ba, kana kunnawa zata ringa faɗa maka abinda zaka yi da murya, kuma ba zata saki wuta ba sai ta auna ta ga zuciyar na buƙata. Masu makarantun kuɗi da masu ɗaukar nauyin gasar unguwa, kuɗin kofi da rigunan da kuke kashewa ku duba ko za a ware wani abu a sayi guda ɗaya, in bata samu ba a ƙalla ku je asibiti mafi kusa ku roƙi nas ɗaya ya zo fili ya koyawa yara da alƙalan wasa dannawar, awa ɗaya ta isa.

Shi Hamlin tun 2020 yana jami'a ya buɗe gidauniyar Chasing M's don saya wa yaran garinsu kayan wasa, dala 2,500 kacal yake nema, bayan faɗuwarsa mutane suka zuba miliyoyin daloli, sai ya juya akalar aikin zuwa yawo gari-gari yana koyar da danna ƙirji yana raba na'urorin ga ƙungiyoyin yara. Ya koma wasan gasa a Oktoba 2023, a 2024 ya zama cikin masu fara wasa, kuma a Satumbar shekarar, a wani daren Litinin ɗin, ya cafke ƙwallon da ɗan wasan abokan karawarsu Jacksonville Jaguars ya jefa wa nasu, karonsa na farko tun da ya shiga NFL.